Baƙin Cikin Tsufa: Ciwo ne ko Ƙarancin Bangaskiya?

Ɗan'uwa mai karatu, ko 'yar'uwa, ga tambayar da nake so mu zauna a kanta. Idan tsoho mai bi, wanda ya shekara hamsin yana riƙe da Littafi Mai Tsarki zuwa majami'a, ya wayi gari ba ya marmarin abinci, ba ya marmarin waƙa, addu'a ta yi masa nauyi, har ya fara cewa da mutuwa za ta zo da ya huta, me za mu kira wannan hali? Wasu za su ce tsufa ne, duk wanda ya daɗe haka zai zama. Wasu za su ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Wasu kuma cikin raɗa za su ce an yi masa asiri, ko kuwa shi da kansa yake da wani mugun abu a ciki. Amsar da muka zaɓa ita ce za ta nuna abin da za mu yi da shi: ko mu ƙyale shi, ko mu tsawata masa, ko mu guje shi, ko mu kai shi inda zai sami taimako. Akwai tsofaffi a cikin ikilisiyoyinmu waɗanda ransu ya rataya ga wannan amsa.

Yawan abin a duniya

Likitoci suna da suna ga wannan hali. A Hausar yau ana ce masa ciwon damuwa, wasu kuma su ce ciwon baƙin ciki. Ya sha bamban da ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu. Nauyin zuciya ne da yake zaune wa mutum kusan kowace rana har mako biyu ko fiye, tare da mutuwar sha'awar abubuwan da a dā yake jin daɗinsu, da rikicewar barci da cin abinci, da kasala, da ganin kai ba a bakin kome ba, wani lokaci har da tunanin mutuwa.

A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, mutum wajen miliyan 280 ne suke fama da wannan ciwo. A cikin manya gaba ɗaya, kashi 5 cikin 100 ne. A cikin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa, kashi 5.7 cikin 100. Ya fi kama mata a kan maza. Hukumar ta kuma nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kashe kansu a duniya 'yan shekara 60 ne zuwa sama. A 2022 wasu masu bincike suka tattara sakamakon nazarce-nazarce daga ƙasashe da dama, suka sami adadin da ya fi haka nesa, wato wajen kashi 28 cikin 100 na tsofaffi. Kada bambancin ya ruɗe ka. Ƙaramin adadin yana ƙirga waɗanda ciwon ya cika a kansu bisa ga ma'aunin likita, babban kuwa ya haɗa da duk wanda aka yi wa tambayoyi aka ga alamun ciwon a tare da shi. Idan muka auna da wannan, a taron tsofaffi ɗari za a iya samun wajen shida da ciwon ya kama sosai, wasu ashirin kuma suna tafiya da alamunsa.

Mai yiwuwa ka ce wannan ciwon Turawa ne, mutanen da suke kai iyayensu gidajen tsofaffi. Gaskiya ne kaɗaici ya dame su, har Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ma ta yi haka a 2021. Amma a nan Najeriya Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun tambayi tsofaffi 2,152, 'yan shekara 65 zuwa sama, a jihohin da ake jin Yarabanci, aka buga sakamakon a 2007. Sun tarar wajen kashi 7 cikin 100 sun yi fama da ciwon a cikin wata goma sha biyun da suka wuce, kashi 26 cikin 100 kuma sun taɓa yin sa a tsawon ransu. A cikin waɗanda suka taɓa yin sa, wajen kashi 37 cikin 100 ne kaɗai suka sami wata kulawa. Wannan kuwa a ƙasar da yaro yake kwantawa ƙasa ya gaida babba. Ashe girmamawar gaisuwa ba ta hana zuciyar tsoho yin ciwo.

Abin kuma ƙaruwa zai yi, domin tsofaffi suna ƙaruwa. A 2020 'yan shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a duniya. Ana sa ran su kai biliyan 1.4 a 2030, wato mutum ɗaya cikin shida, su kuma kai biliyan 2.1 a 2050, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici irin namu. In Ubangiji ya ja kwananmu, ni da kai muna cikin wannan lissafi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shin tsufa ne kawai?

Alƙaluman nan da kansu sun amsa. Idan shida cikin ɗari ne ciwon ya kama sosai, ko ma ashirin da takwas, to, mafi yawan tsofaffi ba su da shi. Ka san su: tsohuwar da gwiwa ta hana ta tsayuwa amma tana dariya da jikoki, dattijon da idonsa ya dushe amma yana ɗokin Lahadi. Tsufa yana kawo rauni, ba dole ne ya kawo mutuwar zuciya ba. Duk wanda ya ce wa mai ciwon damuwa "ai tsufa ne" ya yanke masa hukuncin zama da ciwon da yake da magani.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wahalar tsufa ba. Sura ta ƙarshe ta Littafin Mai Hadishi ta kwatanta jiki da gidan da yake lalacewa a hankali. A Sama'ila na Biyu, sura 19, mun haɗu da Barzillai mutumin Gileyad, attajiri ɗan shekara 80, wanda ya ciyar da sarki Dawuda lokacin da yake gudun ɗansa Absalom. Da sarki ya so ya tafi da shi Urushalima don ya sāka masa, tsohon ya ƙi. Ya kawo dalilai uku: harshensa ya daina rarrabe daɗin abinci, kunnensa ya daina jin muryar mawaƙa, kuma ba ya so ya zama kaya ga sarki. Ba za mu ce Barzillai yana da ciwon damuwa ba, gama hankalinsa a kwance yake, ya san abin da yake so, har ya nemo wa Kimham matsayi a fada. Sai dai ya ambaci ƙofofin da ciwon yakan bi ya shiga: jikin da ya daina jin daɗi, kunnen da ya raba mutum da taro, da tsoron zama nawaya ga mutane.

Ƙofofin suna da yawa. Akwai mutuwar miji ko mata bayan zaman shekara arba'in, da mutuwar tsara ɗaya bayan ɗaya har mutum ya rasa wanda zai kira shi da sunan ƙuruciya. Akwai cututtukan da suka saba tafiya tare da shi, kamar shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya, da ciwon sukari, da ciwon gaɓoɓi mai hana barci. Akwai barin aiki, da jiran fanshon da yake makara, da kunyar miƙa hannu ga wanda ka haifa. Akwai 'ya'yan da neman abinci ya kai Abuja da Legas da ƙetare. A Borno da Adamawa, da sassan Filato da kudancin Kaduna, akwai tsofaffin da tashin hankali ya raba da gonakinsu da kaburburan iyayensu, suna zaune a sansani ko a ɗakin aro. Matashi yana iya cewa zai sake gini. Ɗan shekara saba'in da biyar ya san lissafin kwanakinsa.

Abin da yake ƙara ɓoye ciwon shi ne, tsofaffinmu ba safai suke cewa "ina baƙin ciki" ba. An rene su a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka jiki ne yake magana a madadin zuciya: kai yana zafi, ƙirji ya yi nauyi, wani abu yana yawo a jiki, barci ya yanke tun kafin carar zakara. Sai a yi ta sayen maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, ba sauƙi. Wani kuma mantuwa ce take bayyana, a ce gigin tsufa ne, alhali ciwon damuwa yana hana hankali tsayawa wuri ɗaya, in aka yi maganinsa sau da yawa tunani yakan gyaru. Labarin zuciya a tambayi fuska.

A nan dole mu yi adalci ga wani ra'ayi. Akwai masu cewa kada a mai da kowane hawaye cuta, kuma suna da gaskiya. Gwauruwar da take kukan mijinta ba mara lafiya ba ce. Ƙauna ce take biyan bashinta. Makoki yakan zo ya lafa kamar ruwan damina, mai makoki yana iya murmushi in an tuna masa da halin mamacin, yana kuma karɓar ta'aziyya. Ciwon damuwa kuwa ba ya ɗagawa, kuma yana juya mutum ya ƙi kansa, ya ce shi ba shi da amfani, da ma ba a haife shi ba. Na farko yana bukatar abokin kuka. Na biyu yana bukatar abokin kuka da likita.

Shin zunubi ne?

Buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, ka karanta a hankali. Annabi Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, inda wuta ta sauko daga sama a gaban jama'a. Da saƙon barazanar Yezebel ya iso, sai ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Ka lura da alamun: ya ware kansa, ya ga aikinsa duka banza ne, ya ɗauka shi kaɗai ya rage, ya kwanta.

Ka lura kuma da abin da Allah ya yi. Abu na farko da ya aiko shi ne gurasa da tulun ruwa. Mala'ika ya taɓa shi, ya ci, ya sake kwantawa, aka bar shi ya yi barci, aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan kwana arba'in, a Horeb, Allah ya yi masa tambaya, ya bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu. Daga nan ya ba shi aiki, ya ba shi abokin tafiya, wato Elisha, ya kuma gyara masa lissafi, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Abinci, barci, kunnen sauraro, aiki, aboki, gaskiya. A cikin surar duka ba inda aka kira roƙon mutuwar nan tawaye. Mutumin nan kuwa shi ne ya tsaya tare da Musa kusa da Yesu a dutsen sāke kama.

Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai, lokacin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba magana. Sun ɓata ne sa'ad da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa wahala, a ƙarshen littafin kuma su ne Allah ya yi fushi da su. Zabura 88 addu'a ce da ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Ubangijinmu da kansa, wanda bai san zunubi ba, ya gaya wa almajirai uku a Getsamani irin nauyin da yake danne ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Idan marar zunubi ya ɗanɗana wannan nauyi, ba mu da ikon cewa nauyin zuciya shaidar zunubi ne.

Tarihin ikilisiya ma ya shaida. Charles Spurgeon, mashahurin mai wa'azin Landan wanda ya rasu a 1892, ya sha fama da baƙin ciki mai tsanani tun daga 1856, lokacin da mutum bakwai suka mutu a turmutsitsi a wurin da yake wa'azi. Ya yi ta faɗin haka a fili ga ɗalibansa, bai ɗauke shi abin kunya ba, Allah kuma bai fasa amfani da shi ba.

Hakika akwai nauyin da laifin ɓoye yake kawowa, kamar yadda Dawuda ya nuna a Zabura 32, maganinsa kuwa tuba ne da karɓar gafara. Amma makiyayi mai hikima zai san cewa ciwon damuwa yana ƙirƙiro laifin ƙarya. Za ka ji tsohuwar da ta yi wa Ubangiji hidima dukan ranta tana cewa Allah ya yashe ta, zunubinta ya fi ƙarfin gafara. Ciwon ne yake magana da bakinta. In ka ce mata ta ƙara tuba, ka ɗora dutse a kan wanda ruwa yake ci.

Game da zuwa asibiti, kada wani ya ruɗe ka cewa shan magani rashin dogara ga Allah ne. Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, amma annabi Ishaya ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Ba mu taɓa ce wa mai hawan jini ya zubar da ƙwayoyinsa don ya nuna bangaskiya ba. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce da Allah ya halitta, tana ciwo kamar yadda ƙoda take ciwo.

Akwai amsa ta uku da take da muni fiye da sauran. Tsohuwar da ta rame, ta daina wanka, take magana ita kaɗai, take faɗin laifofin da ba ta yi ba, ita ce wadda ake saurin nunawa da yatsa a ce mayya ce. A arewacin Ghana akwai matsugunai, kamar na Gambaga, inda matan da aka kora da wannan zargi suke fakewa, a 2020 kuma aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 dūka har ta mutu a Kafaba. Kada mu ce wannan nesa yake da mu. Duk ikilisiyar da ta bari aka tilasta wa mara lafiya "furta" maita a gaban taro ta zalunci gwauruwa, kuma Allah ya sha faɗa cewa shi ne mai tsaya wa gwauraye.

Darajar wanda ya daina aiki

A ƙarƙashin wannan duka akwai tambaya mai zurfi: mene ne darajar mutum sa'ad da ya daina amfanar kowa? Tsoho mai ciwon damuwa ya riga ya ba kansa amsa, ya ce ba shi da sauran daraja. Abin tsoro shi ne, sau da yawa daga wurinmu ya koyi wannan amsa. Duniya tana auna mutum da abin da yake kawowa. Ikilisiya ma takan faɗa cikin wannan ma'auni ba da saninta ba: mai babbar zakka ana jin maganarsa, mai ƙarfin murya ana sa shi gaba, wanda ƙafarsa ta daina kawo shi kuwa sai sunansa ya ɓace daga bakin mutane har ranar da za a yi sanarwar jana'izarsa. Ranar nan za a ɗinka anko, a yanka sa, a yi jawabai. Da an raba masa kashi ɗaya cikin goma na wannan hidima yana da rai, da ya ji daɗinta.

Bangaskiyarmu tana koyar da wani ma'auni dabam. An halicci mutum cikin kamannin Allah tun kafin ya yi aikin kome, an kuma fanshe shi ta wurin alheri ba don ayyukansa ba. Jariri ba ya noma, ba ya kawo kuɗi, amma ba wanda yake tambayar amfaninsa. Idan darajar farkon rai kyauta ce daga Allah, darajar ƙarshensa ma haka take. Ikilisiyar da take wa'azin ceto ta wurin alheri ran Lahadi, sannan ta auna tsofaffinta da aiki ran Litinin, ta ƙaryata wa'azinta.

Har ila yau, hukuncin da mai ciwon yake yanke wa kansa, cewa nasa ya ƙare, sau da yawa kuskure ne. Na'omi ta komo Baitalami bayan ta binne miji da 'ya'ya biyu a Mowab, ta ce a sauya mata suna zuwa Mara saboda ɗacin ranta. Ta ce hannu wofi ta komo, alhali Rut tana tsaye kusa da ita. Haka baƙin ciki yake rufe ido. Rut ba ta yi mata gardama ba, ta tafi kala ta kawo hatsi. A hankali Na'omi ta fara ba da shawara, a ƙarshe aka ɗora mata Obida a cinya, kakan sarki Dawuda. Yakubu ya ƙi ta'azantuwa bayan an kawo masa rigar Yusufu, ya zauna da wannan ciwo wajen shekara 22. Da ya ga kekunan da ɗansa ya aiko daga Masar sai ransa ya farfaɗo, ya ƙara shekara 17 a duniya, a cikinsu ne ya sa wa kabilan Isra'ila albarka.

A zamaninmu ma an ga irin wannan. A ƙasar Zimbabuwe, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa kakanni mata yadda za su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa a birnin Harare, su saurari masu damuwa, su taimake su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016, bayan wata shida wajen kashi 14 cikin 100 ne kaɗai na waɗanda suka zauna a bencin suke da sauran alamun ciwon, a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa wajen rabi. Waɗanda duniya take gani sun gama amfani su ne suka zama magani. Irin waɗannan kakanni suna cike da Zumuntar Mata a majami'unmu.

Hakkin da yake kanmu

Umarnin girmama uwa da uba manya aka fara ba wa, masu tsofaffin iyaye. A Markus sura 7 Yesu ya tsawata wa masu keɓe dukiyarsu da sunan Allah don su kauce wa taimakon iyaye. A yau abin da muka fi keɓewa shi ne lokaci. Mutum yana da taron kwamiti, da koyon waƙa, da addu'ar dare, amma wata uku bai zauna awa guda da mahaifiyarsa ba. Yana tura kuɗi ta waya, wannan kuwa abu ne mai kyau, kada a fasa. Sai dai kuɗi ba ya tambayar mutum yadda ya kwana. Zumunta a ƙafa take. In nisa ya hana ƙafa, a sa ranar kira wadda ba ta tashi, a kuma bar tsohon ya yi magana har ya gama.

In ka zauna da shi, kada ka yi saurin cewa "a yi haƙuri." Haƙuri abu ne mai daraja, amma sau da yawa muna faɗinsa ne don mu rufe zancen. Tambaye shi barcinsa, da cin abincinsa, da abin da yake tunani in dare ya yi. Nemi shawararsa a kan abin da ya sani, ka kuma yi aiki da ita. Ba shi abin yi daidai ƙarfinsa, ko koya wa yara waƙoƙin dā, ko riƙe sunayen marasa lafiya cikin addu'a. Fito da shi ya sha hantsi, ya taka kaɗan. A duba masa ido da kunne, gama wani shirun rashin ji ne ya fara shi.

In alamun sun wuce mako biyu, a kai shi asibiti, a gaya wa likita zancen zuciyar a fili, kada a tsaya ga ciwon kai. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da gwani, akwai kuma ƙwayoyi, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a kuma daina su kwatsam sai da izinin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa kamar na Jos da Zariya da Kano ma suna da sashen wannan aiki. Zuwa can ba ya nufin hauka. In kuwa ya fara zancen kashe kansa, ko ya ƙi ci da sha, wannan gaggawa ce: a tambaye shi kai tsaye, gama tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakinsa, a nemi likita a ranar.

Na san akwai mai karanta wannan da gajiya. Wataƙila ke ce surukar da take wanki da ɗauka da ajiyewa shekara biyar, ba wanda ya ce sannu. Wataƙila kai ne ɗan da uban nan bai nuna wa ƙauna ba a ƙuruciya, yanzu kuma ana ce maka ka zauna kusa da shi. Ubangiji ya ga wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa nauyin ya zama na ikilisiya duka. A Ayyukan Manzanni sura 6, muƙamin hidima na farko da ikilisiya ta kafa ya taso ne domin an manta da wasu gwauraye a rabon abinci, aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Ba a bar abin ga wanda ya tuna ba. Kowace majalisar dattawa tana iya rubuta sunayen tsofaffin da suka daina zuwa sujada, ta raba su ga masu ziyara, a kai musu Jibin Ubangiji a gida, a kuma karɓi mai jinya na yini guda don ta huta. Yesu yana kan gicciye, da nauyin duniya a kansa, bai manta ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da zai kai ta gidansa ba.

Gare ku, iyayenmu

Baba, Mama, in ku ne wannan nauyi ya danne, ku ji wannan. Ba ku yi wa Allah laifi ba don kun kasa yin murna. Bai riƙe ku don ƙarfin addu'arku ba, ba kuwa zai sake ku don ta yi rauni ba. In kalmomi sun ƙare, Zabura 71 addu'ar tsoho ce mai tsoron a yashe shi. Ku sa jika ya karanta muku, ku ce amin. Muryar da take ce muku kun zama kaya, ciwo ne yake magana. Ku gaya wa mutum ɗaya da kuka amince da shi abin da yake cikin ranku, ku kuma yarda a kai ku wurin likita. Kun ɗauke mu lokacin da ba mu iya kome ba. Ku bar mu mu sami albarkar ɗaukarku.

Ya Ubangiji, Allah na Iliya da Na'omi, ka dubi bayinka da ƙarfinsu ya ƙare, waɗanda dare yake yi wa tsawo. Ka aiko musu da gurasa da ruwa ta hannunmu. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda kujerarsa ta zama wofi a majami'a, ka ba ƙafafunmu niyyar zuwa ƙofarsa. Ka ba likitoci hikima, ka ba masu jinya ƙarfi, ka tsare bakinmu daga hukunci. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.